Wallahi Kifin Ne

Ina zaune a Jidda da iyalina, ina aikin lissafi a wani kamfanin da ke fiton kaya daga tashar jiragen ruwa, kuma ina kiwon kifi a falo. Ba tarwaɗa ba, ba ƙarfasa ba, ba wani abin da za a ce in ya girma a sayar a rage kuɗin haya ba. Talibambam ne, na ruwan gishiri, guda ɗaya tal, a tankin gilashi mai cin lita 700. Mai son jin dalili ya bi layi. Matata ce a gaba, kuma ita ma ba a sallame ta ba tukuna.

A gurguje: na kai yara kallon kifaye a Fakieh, can bakin teku, Ummi ta manne da gilashi ta ƙi tafiya saboda wani kifi ya juyo ido ɗaya yana kallonta, ɗaya idon kuma yana can yana sabgar gabansa. Ba a jima ba na tsinci kaina a wani shago, mai shagon yana rantsuwa cewa wannan ɗan mitsitsin mai ɗigo-ɗigon fari ba zai wuce tafin hannu ba. Irinsa santimita 50 suke kaiwa. Na dai gode wa Allah da bai haɗa ni da babban wansa mai zanen taurari ba, wanda ke wuce mita guda. Namu yanzu ya kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa wuyan hannu, kauri kuwa ba a magana. Yara suka sa masa Ciyaman, saboda tumbi, da kuma saboda ba a cin komai a gidan nan bai taso gaban gilashi yana neman kasonsa ba.

Bahar Maliya tana nan a ƙofar gida, amma ba ɗebo ta ake yi a jarka ba. Gishirinta ya kai giram 40 a kowace lita, tankin gida kuwa 35 ake so, ga kuma abin da jiragen ruwa ke bari a bakin gaɓa. Sai ka tace ruwan famfo da na'ura, ka sayo gishirin haɗi na musamman, wajen kilo 25 kafin tankin ya cika, ka dama, ka yi ta awo har ma'auni ya nuna 1.025. Sannan ka zauna makonni kana kallon ruwa da duwatsu babu kifi, kana jiran wasu ƙwayoyin bakteriya da ido ba ya gani su tare a cikin duwatsun, don su ne za su riƙa karya gubar da ke fita daga kashin kifin. Ruwa da gilashi da duwatsu sun kusa tan guda, a hawa na uku. Mai gidan hayarmu dattijo ne mai hawan jini, ban ga amfanin tayar masa da hankali ba.

A ƙarƙashin tankin akwai na'urar kumfa. Aikinta ta kaɗa ruwa da iska, kumfar ta kwaso dattin da ya narke, ta tura shi sama cikin wani kofi. Abin da ke taruwa a kofin nan baƙi-baƙi ne, mai kauri, warinsa kuwa ya wuce a kwatanta shi a mujallar da mata da yara ke karantawa. Ku riƙe kofin nan a ranku, zai dawo.

Matsalar Ciyaman haƙori ce. Huɗu gare shi, biyu sama biyu ƙasa, a manne da juna, kuma ba sa daina tsiro muddin yana numfashi. A teku kaguwa yake gurgura da dodon koɗi da duk wani abu mai ɓawo, haƙoran suna cinyewa da kansu. A gida kuwa dole in riƙa sammako Bangala, babbar kasuwar kifi, ina sayo masa masu ɓawo. Haka muke lafiya lau har lokacin da matata, wadda ke cewa ko ganinsa ba ta son yi, ta fara jefa masa ɓararren jatan lande a ɓoye. Daga nan Ciyaman ya gane akwai abinci mai laushi a duniya. In na jefa masa kaguwa sai ya dube ta, ya dube ni, ya taso saman ruwa ya tsarto mini a fuska. A teku da wannan tsartuwar suke tone yashi su fito da abin da ya ɓuya. A gidana ta zama hanyar shigar da ƙorafi. Haƙora suka yi ta tsawo har baki ya daina buɗuwa sosai, tumbin ya fara zubewa.

Na kira wani asibitin dabbobi na ce ina da kifi mai buƙatar a rage masa haƙori. Wanda ya ɗauka ya yi ta tambayata ko kyanwa nake nufi. To, masu kiwon irin wannan kifi suna da hanyarsu, kuma da abin da kowace tsohuwa ta sani ake yi, wato man kanumfari. Ana ɗiga kaɗan a ruwan roba, a girgiza sosai don ba ya son haɗuwa da ruwa, a saka kifin. Cikin ɗan lokaci sai ya kwanta a gefe ɗaya ya daina motsi. Sai ka ɗago kansa, ka datse bakin haƙoran da filaya, ka mayar da shi ruwa mai tsabta ya farfaɗo. Duka-duka aikin minti ɗaya ne zuwa biyu. Sharaɗi guda ne: kada ya haɗiyi iska. Talibambam ba shi da haƙarƙari, cikinsa kuma miƙewa yake, shi ya sa in ya tsorata yake kwankwaɗar ruwa ya kumbura suntum, maƙiyi ya rasa ta inda zai kama. Ruwa, in hankalinsa ya kwanta, zai amayar. Iska kuwa maƙalewa take, ta juya shi ciki sama, ya yi ta lilo a kan ruwa ya kasa nutsewa, in ba a fitar da ita ba ya mutu a haka.

Asabar ɗin nan da ta wuce na zaɓa, ranar hutu. Surukina ya zo Umara shi da Kawu, kuma sun ce sai bayan isha'i za su iso daga Makka. Baba tsohon alƙali ne a Yawuri, mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa ganin dariyarsa ba, ban kuma taɓa haɗa ido da shi ba. Kawu ƙanin Hajiya surukata ne, Basarke, a kan kogin Kwara gashinsa ya yi fari. Ba wanda ya gaya mini cewa wani ya koya musu hawa jirgin ƙasan nan mai gudu, wanda ke sauke mutum a Jidda cikin kusan rabin awa.

Bayan azahar na fara. Na cire kofin na'urar kumfa, cike fal, na ajiye a kan ɗan teburin da ke gefen tanki da niyyar in zubar in na gama. Wajen kamo Ciyaman da bokiti ya watsa mini ruwa har wandona ya jiƙe sharkaf. Na tuɓe, na jawo abin da hannuna ya fara kaiwa a kan kujera na ɗaura. Zanin matata ne, atamfa ruwan goro mai manyan furanni. Daga sama singileti. A goshi tocilan mai maɗauri.

Aikin kansa ya yi kyau, kuma ina so a rubuta wannan a wani wuri. Ciyaman ya sha kanumfari ya kwanta. Na ɗago kansa a kan jiƙaƙƙen tawul, na sa filaya, ƙas, na sama suka tafi. Ƙas, na ƙasa. Ina cikin duba ko sun daidaita aka danna ƙararrawa. Ummi ta ruga ta buɗe ba ta tambayi ko wane ne ba, na ji sallamar da ko a mafarki na san mai ita. Hannuna ya yi rawa. Ciyaman ya motsa, ya juyo ido ɗaya ya dube ni, ya ga kansa a sarari, ya buɗe sabon bakin da na gyara masa, ya fara zuƙa. Ƙwat, ƙwat, ƙwat. Kafin Baba ya gama cire takalmi, abin da ke hannuna ya zama kamar ƙwaryar fura da aka kife, mai ido biyu da 'yar wutsiya.

Na tsunduma shi a tanki. Ya taso ciki sama. Abin yi a nan sananne ne: ka kama shi a hankali, ka nutsar da shi, ka daidaita shi kai sama wutsiya ƙasa, ka riƙa shafa cikin daga ƙasa zuwa sama har iskar ta sami hanya. Bakin tankin ya kai mini haɓa in ina ƙasa, don haka na haye kujera, na zura hannu biyu har kafaɗa. A haka suka shigo falo suka same ni: a tsaye kan kujera, da zanin 'yarsu, da fitila a goshi, ina shafa cikin kifi ina ce masa, "Yi haƙuri, yi gyatsa."

Duk Bahaushe ya san abin da ke kansa in surukinsa ya shigo. Ba a gai da suruki a tsaye, balle daga sama. In na saki kifin, ya taso ya ƙara shan iska. In ban durƙusa ba, kafin gobe labari ya isa Yawuri cewa riyal ya sa yaron nan ya fi ƙarfin gaisuwa. Sai na yanke in yi duka biyun. Na bar hannuwana a ruwa, na lanƙwasa gwiwa a kan kujerar, na yi ƙasa iyakar yadda kafaɗa za ta bari, na waiwayo da kai na sunkuyar, na ce, "Baba, sannunku da zuwa. An zo lafiya?"

Tsugunon nan ya ja hannuwana. Hannuwana suka matse cikin Ciyaman, suka kuma ɗago bakinsa daf da saman ruwa. Iskar da na yi ta lallashi ta ƙi fitowa, sai ta zaɓi wannan lokacin, ta fito gaba ɗaya.

Ban san yadda ake rubuta ƙarar ba. Ta faro da kauri, daga can ƙasa, ta ja tsawo, ta ɗan tsaya har na fara godiya, sannan ta ƙaro wata 'yar siririya a ƙarshe mai ɗagowa sama, irin ta mai tambaya. Kuma a daidai lokacin gwiwata ta bugi ɗan teburin, kofin ya kife.

Ƙara ta riga, wari ya biyo baya. Tsarin da kowa ya sani ke nan tun yana yaro.

Tun ranar nake juya wannan daƙiƙa a raina, kuma ta ko'ina aka duba, ni ne. Ga mutum a tsugune. Ga bayansa yana fuskantar ƙofa, wato yana fuskantar baƙi, kuma saboda kujera, a daidai tsayin fuskarsu. Ga zani, wanda ba ya riƙe sirri. Kifin yana cikin ruwa, jikina ya kare shi, ba wanda ya ga kumfar da ta fashe. Kofin ya faɗi ta bayan teburi inda ido ba ya kaiwa. Sannan ga lokacin da abin ya zaɓa: ba kafin gaisuwa ba, ba bayan an amsa ba, a'a, a ɗan shirun nan da ke tsakanin tambaya da amsa, inda falon gaba ɗaya ya kasa kunne. Na ce, "An zo lafiya?" sai aka ji wannan. Da ni ne a kan kujerar shari'a da ban ɓata wa kotu lokaci ba.

Da daddare in na rufe ido, siririyar ƙarshen nan ce ke dawo mini. Da ƙarar farko ce kaɗai, da ana iya cewa famfo ne, ko bututu, ko wata na'ura daga cikin na'urorin da ke gurnani a ƙarƙashin tanki. Na'ura ba ta yin wannan ƙarin. Wannan ƙarin na mai rai ne, mai ran da ya yi ƙoƙarin riƙewa ya kasa.

Abin da Baba ya yi shi ya fi kashe ni. Da ya yi dariya, da na sami abin riƙewa. Da ya ɓata rai, da na ba da haƙuri an wuce wurin. Sai ya ɗaga kai ya dubi silin, ya yi gyaran murya mai ƙarfi, irin wadda dattijo ke yi don ya rufa wa yaro asiri, ya sa ƙafa ya ɗan ja kujerar da ke kusa da shi ta yi ƙara a kan tayil, wai ko za a ɗauka ita ce. Sannan ya amsa gaisuwata cikin natsuwa, har da tambayar aiki da zafin gari. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yanke hukunci ya saurara, ya yanke, ya kuma yi mini afuwa, duk ban buɗe baki ba. A wace kotu ake ɗaukaka ƙara a kan afuwa?

Matata ta fito daga kicin da farantin dabino da ruwan sanyi, ta ci karo da iskar falon, ta dubi zaninta a jikina, ta dubi mahaifinta, ta juya da farantin. Ƙaramin ɗana, wanda har yau ko sunansa ba ya iya faɗa daidai, ya toshe hanci ya kawo jimla cikakkiya, ba gargada: "Abba ya yi tusa."

Na ce, "Wallahi kifin ne."

Ina faɗa na ji yadda ta fito. Tun da aka fara zaman falo ake ɗora wa kyanwa, da kujera, da jariri, da sabon takalmi. Ni ne na fara kai ƙarar kifi.

Kawu ya ajiye jakarsa ya matso. "Kai! Talibambam! Har nan ka biyo mu?" Ya ƙwanƙwasa gilashi. Ciyaman, wanda ya sace ya koma siffarsa, ya sulale daga hannuna ya nufi kogonsa yana tangaɗi, ba alamar ya taɓa aikata komai a rayuwarsa.

Na sauko ina riƙe da bakin zani. Na ce, "Kawu, ku da kuka san kifi, ku gaya wa Baba. Iska ya haɗiya, ita ce ta fito."

Kawu ya yi shiru irin na masana. Can ya ce, "Ɗana, tun kafin a datse Kainji nake su. Na kama giwan ruwan da ya fi ka nauyi. Minjirya ta taɓa jefar da ni daga jirgi. Talibambam kuwa, muna yara sosa masa ciki muke yi ya kumbura mu yi ta wasa da shi a kan yashi. Na sha jin kurungu yana gurnani a cikin koma." Ya girgiza kai. "Amma wannan muryar ban taɓa jin ta a ruwa ba. A tudu nake jin ta."

Na ce su dakata, wataƙila akwai sauran iska, zan sake matsa shi su ji da kunnensu. Na koma kan kujera na zura hannu. Ciyaman ya leƙo daga kogo, ya gwada sababbin haƙoransa a kan yatsana manuni, ya koma. Ba a ji wata ƙara ba sai tawa. Kawu ya kama yatsan yana jini, ya juya shi, ya duba sawun, ya ce, "Ka ga, aikin haƙorin dai ya yi kyau."

Daga nan ya gyara tsayuwa, na gane an buɗe asibiti.

"Amma da ka tambaye ni da ba ka sha wannan wahala ba. Goro za ka riƙa jefa masa. Daushe, mai tauri. Dubi nawa." Ya wangale baki ya nuna mini 'yan abin da goro ya bar masa, jajaye, kowane yana zaman kansa. "Ka ga wanda ya yi tsawo a ciki?"

Na ce ban gani ba.

"In kuma ya ƙi goro, wanzami za ka nema. Garin nan cike yake da Hausawa, a ce babu wanzami? Ya rage haƙorin, ya duba masa har beli."

"Kawu, kifi ba shi da beli."

"Ka duba?"

Ban duba ba.

"Kumburi kuwa, allura za ka samu ka ɗan soka a gefe, iska ta fita, kowa ya huta." Na ce hakan kashe shi zai yi. Ya ce, "To kanwa. Ungurnu. A jiƙa da daddare, a tace da safe." Na fara bayani cewa ruwan nan awo gare shi, kanwa za ta birkita shi, ta kashe kifin, ta kashe har bakteriyar da na yi makonni ina jira. Kawu ya saurare ni har na dire, sannan ya rage murya yadda duk falon zai ji, ya ce, "Ba kifin nake nufi ba."

Sai na tuna ina da shaida ta zahiri. Na zagaya bayan teburi na ɗauko kofin, da sauran abin a gindinsa, na riƙo shi da hannu biyu na nufi Baba. Na ce, "Baba, ga inda warin ya fito." Baba ya dube shi daga nesa ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Kawu ya leƙa ciki, ya ja da baya, ya dubi kofin, ya dube ni, ya tambaye ni cikin tausayi ko bayin gidan ne ya lalace.

Na mayar da kofin bayan teburi.

Aka buɗe tagogi, zafin Jidda ya shigo ya haɗu da abin da ya tarar. Aka zauna. Ni a ƙasa, a bakin kafet, yatsa naɗe da tawul. Kawu bai ɗauke ido daga tanki ba. Ya ce, "Ni shawarata a huta. Kifin nan ya kai ci. A kira 'yar nan ta soya mana shi, mai da yaji, kai ma ka huta da ɗaura zani."

Nan na ga ƙofa. Na ce a raina in na cika falon da ilimi, wataƙila a manta da abin da ya fara cika shi. Na gyara zama na ce ai kifin nan guba gare shi, a hanta, da ƙwai, da hanji, da fata. Wuta ba ta kashe ta, kuma har yau ba ta da makari. Leɓe take fara kashewa, sai harshe, sai gaɓoɓi, har numfashi ya tsaya mutum yana ji yana gani. Na ce a Japan, inda suke cin danginsa da tsada, ba mai yanka shi a gidan abinci sai mai lasisi, hantar kuma an hana sayar da ita. Na ce a 1975 wani shahararren ɗan wasan kwaikwayonsu na gargajiya, Bando Mitsugoro na takwas, ya zauna a birnin Kyoto ya ci hanta faranti huɗu yana cewa shi guba ba ta kama shi, kafin gari ya waye ya cika.

Kawu ya ce, "Huɗu? Shi kaɗai? Ai ba kifi ya kashe shi ba, haɗama ce."

Na ce a 1774 Kyaftin Cook, matuƙin jirgin Ingila, ya ɗanɗani hanta da ƙwan irin wannan kifi a tsibirin Sabuwar Kaledoniya, ɗan kaɗan kawai, shi da masana biyu da ke tare da shi. Cikin dare suka farka jiki ya mutu, har shi ba ya bambance abu mai nauyi da mara nauyi in ya ɗauka. Su sun tashi, amma aladen da ya ci kayan cikin, da safe gawarsa aka tarar.

"Alade?" in ji Kawu. "To ai kifin ya yi aikin lada."

Na ƙara da cewa gubar ma daga abin da yake ci a teku take taruwa, shi ya sa waɗanda ake kiwo a Japan da abinci mai tsabta aka auna aka tarar ba su da ita. Ina rufe baki Kawu ya tafa. "To shi ke nan! Naka da ke cin jatan landen kanti ai ya tsarkaka. A ɗora mai." Na ce a teku aka kamo shi, kuma ba wanda zai gwada. Ya ce garin nan kyanwa ta fi mutane yawa, a fara da guda.

Na yi sauri na tsallaka. Na ce wani ɗan'uwansa ma ya bi ta mashigin Suwez, wanda aka buɗe a 1869, ya shiga Bahar Rum, yana yaga tarun masunta yana cinye musu kamu, har gwamnatin Turkiyya tana biyan lada a kan kowace wutsiya da aka kawo. Wannan ce kaɗai ta taɓa Kawu da gaske, don an ambaci taru. Ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Biya ake yi a kashe shi?"

"Biya ake yi, Kawu."

"Kai kuma kana biya ka ciyar da shi."

Na yi shiru. Ya juya wajen Baba ya ce, "Alƙali, ka ji." Baba bai ce komai ba, amma na ga gefen gemunsa ya motsa. Kawu ya dawo kaina. "Duk na ji bayaninka, ɗana, kuma ka yi karatu. Abu ɗaya ya rage. Gubar nan, tana taɓa cikin mai kiwonsa?"

Aka kira la'asar. Baba ya ce sun gaji, a yi a gida. Na shiga ɗaki na cire zani, na sa jallabiya mafi tsada da nake da ita, na fesa turare, na fito na shimfiɗa darduma. Baba, da yake mutum ne mai bin ƙa'ida, ya ce mai gida shi ke limanci, ya nuna mini gaba. Na tako. Kawu ya ce, "Ba za ka ɗan zaga ba?" Na ce ina da alwalata tun azahar, jinin yatsa kuma ba ya karya ta a mazhabarmu.

Falon ya yi tsit, sai gurnanin na'urar kumfa, wadda ke ta aiki babu kofi. In na sake alwala, na amsa laifin da ban yi ba, a gaban alƙali. In ban sake ba, dattawa biyu da suka fito daga Ka'aba da safiyar nan za su bi limamin da suke da yaƙinin ba shi da ita. Baba ya ɗaga kai ya koma duban silin.

Kawu ya shiga bayi, na ji ƙarar famfo, ya fito da buta cike ya ajiye mini a gaba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Sabunta alwala lada ne, ɗana, ba wanda ya ce komai. Ka dai yi a hankali wajen tsugunawa."